Babi na Shida: Damina Ɗaya a Fadama

Idan yaro ya gagara a gidan Bahaushe, akwai matakan da kusan kowa ya sani. A fara da faɗa, a koma bulala, a nemo rubutu a ba shi ya sha, a kira wanda yake jin nauyinsa ya yi masa nasiha. In duk an yi bai ji ba, sai maza su zauna a zaure, ƙanin uban ya gyara zama ya ce, "Yaya, ka ba ni shi ya yi damina ɗaya a wurina." Wata sa'a kuma kaka ce za ta ɗaga murya daga tsakar gida: "Malam, a kai yaron nan gabas, garin nan ne bai karɓe shi ba." Manufar duka ɗaya ce. A raba shi da abokansa, a raba shi da majalisar bakin titi da mai shagon da ke miƙo masa ƙwaya ta bayan kanta, a kai shi inda zai tashi da asuba don akwai aikin da ke jiransa.

Gabas ɗin nan, ga mutumin Kano ko Katsina ko Zariya, ta ƙasar Haɗeja hanyarta ta bi, ta wuce Nguru da Gashuwa har Barno. Shekaru aru-aru almajirai ke bin ta da allo da gafaka. Kolo ya zama titibiri, titibiri ya zama gardi, gardi kuma in yana so karatu ya zauna masa sai ya fita kiskadi, ya sami gindin bishiya a bayan gari inda ba mai yi masa magana, ya wuni yana tilawa. Ba talauci kaɗai ke sa uba ya tura ɗansa wannan tafiya ba. Da yawa sun yi imani cewa nisa da gida da ƙarancin jin daɗi na koya wa yaro haƙurin da ba ya samuwa a gaban uwa.

A kan wannan hanya Guri take. Tana cikin ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗeja, can gefen gabas kan iyaka da Yobe. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, inda kogin Haɗeja ke rarrabuwa zuwa rassa, ya bazu cikin fadamu, kafin ruwansa ya haɗu da na Jama'are su zama Komadugu Yobe su nufi tafkin Cadi. Badawa da Mangawa da Hausawa da Fulani duk suna ci daga fili ɗaya, kowa da lokacinsa. Ruwa ya cika, shinkafa ta tashi. Ya fara ja baya, masunta su shiga da koma da birgi da gura, su fito da tarwaɗa da karfasa da za a banda a kai kasuwar kifi ta Haɗeja. Ƙasa ta sha iska, masu noman rani su sa alkama da tattasai da albasa. Sannan shanu su sauko neman ɗanyar ciyawa. Da hunturu tsuntsaye na zuwa daga Turai su sauka a dausayin, abin da ya sa aka sanya Baturiya, a Kirikasamma maƙwabciyar Guri, cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008.

Yaron birni da aka kawo irin wannan wuri yakan gamu da abin da bai saba da shi ba. A gida, kowace doka daga bakin mutum ta fito, shi kuwa mutum ana iya yi masa gardama, a yi masa ƙarya, a haɗa shi faɗa da wani. Uba ya hana, uwa ta bayar a ɓoye. A bakin ruwa kuwa, wanda bai ɗaure kwale-kwale da kyau da yamma ba, da safe shi zai shiga taɓo yana nemansa, ba tare da kowa ya ɗaga masa murya ba. Wanda ya yi sanyin jiki wajen korar jan-baki, da idonsa zai ga abin da ya rage a zangarniyar shinkafa. Kuma ran da ya iya tuƙa jirgi shi kaɗai ya tsallakar da wata tsohuwa da kayanta, ta sa masa albarka, ya ji abin da wataƙila ya shekara biyar bai ji ba: cewa yana da amfani.

Wannan lura ita ce jarin wata sana'a guda a Amurka, sana'ar masu jinyar matasa a jeji. Tushenta dai daga Birtaniya ne. A 1941, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, wani malami Bajamushe da ya tsere wa Hitler, Kurt Hahn, tare da wani mai kamfanin jiragen ruwa, Lawrence Holt, suka buɗe makarantar Outward Bound a gaɓar tekun yankin Wales, don koya wa samarin matuƙa jirgi juriya da dogaro da kai. Shekara goma bayan nan, a 1951, Alec Dickson ya kafa irinta a Man O' War Bay, kusa da garin Victoria na kudancin Kamaru, lokacin yankin na haɗe da Najeriya. Ita ce ta zama Cibiyar Horar da 'Yan Ƙasa da Shugabanci, mai makaranta a duwatsun Shere na Jos. Duk wanda ya yi hidimar ƙasa ya san 'yan Man O' War da igiyoyinsu da katangar da ake sa mutum ya haura. Ke nan abin ba baƙo ba ne a wurinmu, sai dai mu a horo muka tsaya, su Amurkawa suka mai da shi magani.

A 1968 wani malami a Jami'ar Brigham Young ta jihar Yuta, Larry Dean Olsen, ya ɗebi ɗaliban da karatu ke neman gagara, ya shiga hamada da su kusan wata guda da ɗan guzuri kaɗan. Da yawansu suka dawo suka gyara karatunsu. Daga nan abin ya yaɗu, ya zama kasuwa. Tsarin da aka fi sani shi ne a haɗa matasa 'yan kaɗan da ma'aikata, su yi ta tafiya a ƙasa da kayansu a baya, su kwana ƙarƙashin tamfol, su dafa abincinsu, su koyi kunna wuta ta hanyar murza itace. Masanin halayyar ɗan Adam yakan zo duk mako ya zauna da kowane yaro, iyaye kuma su riƙa aiko wasiƙa suna faɗa wa ɗansu abin da halinsa ya jawo musu, shi ma ya ba da amsa. Ana yin wata biyu zuwa uku. Kuɗin yakan kai dala 500 ko fiye a rana. Yara da yawa ba da son ransu suke zuwa ba: iyaye kan yi hayar ƙarti su shigo ɗakin yaro cikin dare su tashe shi su tafi da shi.

Sai gawawwaki suka fara fitowa. A 1990 'yan mata biyu suka mutu a shirye-shirye biyu daban, ɗaya ƙishirwa ta kashe ta, ɗaya zafin rana. A 1994 wani yaro ɗan shekara 16 ya mutu a hamadar Yuta bayan ya yi kwanaki yana kukan ciwon ciki. Gyambon ciki ne ya fashe masa, ma'aikatan kuwa suna cewa langaɓewa yake yi don gudun tafiya. A 2007 ofishin binciken gwamnati na majalisar dokokin Amurka ya fitar da rahoto kan irin waɗannan wurare, ya bi diddigin mace-mace goma, ya tarar da abu ɗaya yana maimaita kansa: ma'aikatan da ba su da horo, da ɗaukar rashin lafiya a matsayin taurin kai. Abin bai ƙare ba. A Fabrairun 2024 wani yaro ɗan shekara 12 ya mutu a darensa na farko a wani sansani da ke jihar Karolina ta Arewa, hukuma ta soke lasisin wurin.

Mai karatu zai ji kamar ya san wannan labari, kuma ya san shi. A Satumban 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, wasu da tabon bulala a baya. Cikin Oktoba aka buɗe irinsu a Daura da Katsina, gwamnatin Kano kuma ta ba da umarnin rufe gidajen marin jiharta. Abin da ya fi ci wa mutane rai shi ne yawancin waɗanda aka fitar ba sace su aka yi ba. Iyayensu ne suka kai su, suna biyan kuɗi, suna godiya. Attajirin Amurka da ya yi hayar ƙarti da talakan Kano da ya ɗaure ɗansa a bayan a-daidaita-sahu, halin da suke ciki ɗaya ne: sun gaji, sun ji tsoro, sun miƙa ɗansu ga wanda ya ce zai iya, ba su tambayi wa ke sa masa ido ba.

Ba na ganin adalci ne a zagi iyayen nan a tsaya nan. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ce mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun taɓa miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda a Najeriya. A Mayun 2018 gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi, amma hanin bai zo da gadon asibiti ga waɗanda suka riga suka kamu ba. Likitocin ƙwaƙwalwa da kansu sun sha faɗa cewa ba su kai 300 ba a ƙasar mutum sama da miliyan 200. Mutumin Guri da ɗansa ya fara surutai, in asibitin ƙwaƙwalwa na jiharsa yake nema, sai ya ratsa Jigawa daga wannan gefe zuwa wancan ya isa Kazaure. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Dole ka nema masa magani, kuma wanda ke kusa shi ake fara nema. An rufe gidajen mari, ba a buɗe komai a gurbinsu ba.

To, shin jejin yana magani? Yawancin binciken da ke cewa e, daga hannun masu alaƙa da ƙungiyar masu sana'ar ya fito, wadda suka kafa a 1996. Sakamakon na nuna yara sun fi natsuwa ranar sallama fiye da ranar zuwa. Sai dai akasarin binciken bai kwatanta su da wasu yaran irinsu da aka yi wa jinya a gida ba, kuma da yawansu daga jejin wata makarantar kwana ta gyaran hali ake wucewa da su. Yaron da aka raba da ƙwaya da waya wata biyu, yana barci da wuri, yana tafiya kullum, yana cin abinci a kan lokaci, ai dole jikinsa ya canza. Tambayar ita ce me zai faru ran da ya dawo unguwarsu ya tarar da abokansa a inda ya bar su. A ƙasar Norwe, asibitin gwamnati na Sørlandet da ke Kristiansand ya bi wata hanya daban: matashin da ya yarda ne kawai ake ɗauka, ma'aikatan asibitin ne da kansu ke fita da su, tafiyar ta 'yan kwanaki ce, sauran lokacin yaro na gidansu. Wannan ya fi kwanta mini. Wanda aka ɗauko da ƙarfi cikin dare yakan koyi abu ɗaya da sauri, wato faɗin abin da masu tsaronsa ke so su ji.

Akwai kuma hujjar da ba sai an je Amurka ba. Da fadama magani ce da kanta, da ba a sami mashayi ko ɗaya a ƙauyukan bakin kogi ba. Amma kowa ya san a ƙasar Hausa taramol ta shiga gona kafin ta shiga wasu unguwannin birni. Ɗan ƙwadago yakan haɗiye ta don ya yi aikin mutum biyu a yini ɗaya, ya daina jin ciwon baya, har ya wayi gari ba ya iya ɗaga fartanya sai da ita. Wanda ya tura ɗansa ƙauye ba tare da bincike ba, yana iya raba shi da mai sayar da kodin ya haɗa shi da mai sayar da taramol. Sannan fadamar Haɗeja wurin neman abinci ce mai haɗari. Akwai sauro da zazzaɓinsa, akwai tsargiya a ruwan kwance, akwai maciji, akwai kifewar kwale-kwale. Akwai rikicin manoma da makiyaya, wanda Guri ta sha fama da shi har da asarar rayuka. Taramol in ta yi yawa a jiki tana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Wanda ta kama a kan tudu zai tashi da ƙujewa, wanda ta kama a cikin jirgi sai dai a nemi gawarsa. Kuma cikin yaran da muke kira kangararru akwai mai ciwon damuwa, akwai wanda taɓin hankali ke fara masa, akwai wanda aka yi wa wani abu yana ƙarami bai taɓa faɗa wa kowa ba. Kawu mai gona, komai kyawun zuciyarsa, bai da yadda zai rarrabe waɗannan. Shi ma zai ce langaɓewa ce.

Wanda ya fara warware wannan ƙulli ɗan ƙasar nan ne. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa na farko ɗan Najeriya da ya yi karatun zamani, ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta. Maimakon ya kulle marasa lafiya a bayan katanga, sai ya yi yarjejeniya da ƙauyuka huɗu da ke kewaye da asibitin, su ba da hayar ɗakuna. Kowane majinyaci ya zo da ɗan'uwa guda, galibi uwa ko 'yar'uwa, da zai zauna tare da shi. Da rana a je asibiti a ga likita, sauran lokaci a yi zaman ƙauye kamar kowa, a je kasuwa, a taɓa aiki. Ma'aikatan jinya na nan kusa dare da rana. Ƙauyawan sun sami kuɗin haya da ruwan sha da kulawar asibiti, saboda haka ba su ɗauki baƙin a matsayin kaya ba. Lambo bai raina masu maganin gargajiya ba, ya jawo wasunsu cikin aikin. Tsarin ya yi suna a duniya, shi kansa daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin kunya ne a ce muna da wannan a tarihinmu tun kafin 'yancin kai, amma a 2019 muna kwance sarƙa daga ƙafar yara.

In aka ɗora tsarin Aro a kan ƙasar Guri, abubuwa da yawa suna nan a shirye. Akwai manyan da suka san ruwa da gona, kuma suka saba riƙon ɗan wani. Akwai sarakunan ruwa da masu unguwanni da limaman da maganarsu ke da nauyi. Akwai ma aikin gayya da ke neman hannu. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogin ya daina bushewa da rani yadda ya saba, sai kacalla ta sami wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta tura shi inda ba a so, musamman ta mashigar Marma, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama maɓoyar jan-baki. Mutanen yankin sun daɗe suna shiga da lauje da adda suna yankanta. Aiki ne mai wuya wanda amfaninsa ke fitowa fili: yau an buɗe hanya, gobe ruwa ya isa gonar wani. Saurayin da ya sa hannu a wannan, aka biya shi ladansa a hannu, ya sami abin da ba a samu a tafiyar hamadar da aka ƙirƙira don a wahalar da shi kawai. Na ce a biya shi da gangan. Aikin da aka tilasta wa yaro ba lada, ko da sunan gyara aka yi shi, bauta ce.

Abin da babu shi ne ɓangaren Lambo: ma'aikacin lafiyar da zai duba yaro kafin ya taka bakin ruwa, ya raba wanda ke buƙatar asibiti da wanda ke buƙatar canjin wuri, ya kula da kwanakin farko na barin ƙwaya lokacin da jiki ke ciwo barci ke gagara, ya kuma riƙa dawowa. Wannan ba sai likitan ƙwaƙwalwa ba; ma'aikacin jinya ko jami'in lafiya na karkara da aka horar, wanda ke da likitan da zai kira, zai iya ɗaukar mafi yawan nauyin. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba majinyaci haƙƙoƙin da a da bai da su. Aiwatar da ita a matakin ƙaramar hukuma, wannan aikin gwamnatin jiha ne, da masarauta a gefenta.

Wani giɓi kuma da ba a cika magana a kansa ba: 'yan mata. Binciken nan na 2019 ya ce cikin kowane mashaya huɗu, ɗaya mace ce. Ita ba mai cewa a kai ta gabas ko a ba kawu ta yi damina. Maganinta a wurinmu aure ne, a kai matsalar gidan wani a rufe ƙofa. A tsarin Aro, inda uwa ke tafiya tare da majinyaci, har ita akwai mata wuri.

Kafin gwamnati ta motsa, iyaye za su ci gaba da tura 'ya'yansu, don ba su da wani zaɓi, kuma sau da yawa ƙanin uba mai gona ya fi duk abin da ke hannu. Wanda zai yi haka ya fara kai yaron asibiti a duba shi, ya faɗa wa mai riƙon gaskiyar abin da yake sha, ya zauna da yaron ya nemi yardarsa, a sa ranar dawowa, a kuma shirya abin da zai dawo ya tarar, ko makaranta ko sana'a. In kuwa ba ɗan'uwa ba ne, wani ne mai gida ko sansani da ya ce yana gyaran yara, to a tambaye shi wane ma'aikacin lafiya ke zuwa, wace hukuma ta san da shi. Duk wurin da aka ce maka ba a ziyara sai an sanar, ko ba a ganin yaro sai ya yi wata uku, ko a Rigasa yake ko a Yuta ko a bakin ruwan Marma, kada ka bar ɗanka ya kwana a can.